Bayan An Farfaɗo: Damuwar Da Masu Farfaɗiya Ke Haɗiyewa A Ƙasar Funtua Da Malumfashi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Dandume ko ta Bakori, ko yake yawan jiran mota a tashar Funtua, da wuya a ce bai taɓa ganin abin da idonsa ba. Mutum na tsaye lafiya lau, sai a ji ya yi ƙara, ya yanke jiki ya faɗi. Jiki ya sandare, jijjiga ta biyo baya, kumfa na fita ta baki. Nan da nan jama'a su kewaye shi, amma daga nesa-nesa. Wannan ya ce kada a taɓa shi, wancan ya janye ɗansa don kada yawun ya same shi, wani ya ruga neman cokali. Minti ɗaya, minti biyu, abin ya lafa. Ya buɗe ido bai san inda yake ba, riga duk ƙasa, wata sa'a ma fitsari ya kufce masa, ga idanu sun yi masa caa. Ya lallaɓa ya miƙe, 'yan kallo su watse, kowa ya koma cinikinsa.

A wurin 'yan kallo ciwo ya wuce ke nan, sai kuma wani jiƙon. Shi kuwa mai abin, idan ya koma gida wata jinyar ce ke jiransa, wadda ba mai gani balle ya yi masa sannu. Gobe ba zai koma kasuwar ba. Jibi sai ya fara yin salla a ɗaki, don tsoron kada farfaɗiyar ta kayar da shi a tsakiyar sahu. Kafin wata ya zagayo ya daina fita majalisa, abinci sai an matsa masa, dare ya raba idonsa biyu yana lissafin ranar da za ta sake zuwa. 'Yan gida su ce tunani ne ya yi masa yawa, ko su ce halinsa ya canza. A wurin likitoci kuwa wannan hali cuta ce mai zaman kanta, ko ma cututtuka biyu: ciwon damuwa da ciwon fargaba. Suna bin masu farfaɗiya fiye da yadda suke bin sauran jama'a, kuma dukansu suna jin magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A babban rahoton da ta fitar kan cutar a 2019, hukumar ta ce kashi 23 cikin ɗari na masu farfaɗiya na fama da ciwon damuwa, kashi 20 kuma da ciwon fargaba. Ba labarin Turai ba ne kaɗai. Wani bincike da likitoci suka gudanar a Kano, aka wallafa a 2016, ya tarar da ciwon damuwa a jikin kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu farfaɗiyar da ke zuwa asibiti. A tuna fa, waɗannan su ne suka samu kuɗin mota da na kati har suka isa gaban likita.

Farfesa Lukman Owolabi na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun tattara binciken gida-gida da aka yi a Najeriya, suka ƙiyasta a 2019 cewa mutum 8 cikin kowane 1,000 na da farfaɗiya. Amma ƙasar ba ɗaya ba ce. A binciken da Dakta Musa Watila ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, an bi gidaje a wurare uku, sai aka samu kusan mutum 18 cikin 1,000 a Gwandu ta Jihar Kebbi, adadin da ya ninka na sauran wuraren biyu da ke Kudu sau uku ko fiye. Gwandu ƙasar noma ce ta Hausawa da Fulani, rayuwar ƙauyukanta ba ta da nisa da ta Ƙafur ko Danja. Ko da ƙaramin lissafin aka ɗauka, a ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua ana maganar dubban mutane ne.

Dalilan da ke sa cutar ta yi yawa a irin wannan yanki ba ɓoyayyu ba ne. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro da damina yana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. Haka sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ta kashe sama da 11,000, ya kuma dawo a 2017 ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina. Akwai doguwar naƙuda a gida da ke hana jariri samun iska a kan lokaci, akwai hatsarin babur ba hular kwano, akwai shanyewar ɓarin jiki ga manya. Malumfashi ma ta san waɗannan cututtuka a rubuce: a shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka kafa wani dogon aikin bincike a can, suna bin ƙauyuka suna nazarin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau. Yaran da suka tsallake irin waɗannan cututtuka da rai, wasunsu su ne ke girma da farfaɗiya. A wasu mutanen kuma duk gwajin da za a yi ba a gano musabbabi.

To me ya haɗa faɗuwa da baƙin ciki? Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce, ai dole wanda ke faɗuwa a bainar jama'a ya shiga damuwa. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki da wasu sinadarai. Farfaɗiya na tasowa idan wannan lantarki ya ɓarke lokaci guda, kamar yadda waya ke tartsatsi idan wuta ta zo da ƙarfi. Sau da yawa wurin da yake ɓarkewa shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai saitin kunne, kuma a nan ne cibiyar tsoro da tunawa da yanayin zuciya suke. Shi ya sa wasu masu farfaɗiya, daƙiƙoƙi kaɗan kafin ta kayar da su, sai su ji wani tsoro ya turnuƙe su ba gaira ba dalili, ko su ji wani abu ya taso daga ciki ya tokare ƙirji. Wannan tsoron shi kansa farkon bugun ne. Wasu kuma sai bayan sun farfaɗo baƙin ciki mai nauyi ke rufe su, ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya sake su.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne alaƙar ta kowane ɓangare take tafiya. Binciken da Dale Hesdorffer da abokan aikinta suka yi a ƙasar Aisland, da wani a Birtaniya da aka wallafa a 2012, sun nuna cewa mutanen da suka riga suka yi fama da ciwon damuwa sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da farfaɗiya daga baya. Wato akwai saiwa ɗaya a ƙwaƙwalwa da cututtukan biyu ke iya tsirowa daga gare ta. Likitan Girka na dā, Hifokiratis, ya lura da haka tun shekara 2,400 da suka wuce.

Daga nan sai su riƙa ciyar da juna. Mai damuwa ba ya samun barci, rashin barci kuma na cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Wanda ya fid da rai yakan yi sakaci da magani, ya sha yau gobe ya bari, bugun ya dawo, damuwar ta ƙaru. A 2004 wasu likitoci a birnin New York sun auna jin daɗin rayuwar masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, sai suka ga ba yawan faɗuwa ne ke nuna wanda rayuwarsa ta fi ƙunci ba, ciwon damuwa ne. Mutum na iya faɗuwa sau biyu kacal a shekara, amma sauran kwanakin shekarar duka ya yi su cikin zullumi.

Ƙwaƙwalwa ke nan. Sauran nauyin kuwa mutane ne ke ɗora shi, kuma a nan ne ya kamata a faɗa wa juna gaskiya.

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko kumfa, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko tsallaka wurin da mai ita ya faɗi. Babu saɓani kan wannan a tsakanin likitocin duniya. Amma har yau akwai gidajen da ake ware wa yaro kofinsa da kwanonsa da tabarmarsa. Yaro ɗan shekara takwas da ya ga ƙannensa na cin tuwo tare, shi an zuba masa nasa a gefe, ba sai an gaya masa matsayinsa a gidan ba. Idan ta kayar da shi sau ɗaya a aji, ko dai iyayen sauran yara su yi ƙorafi, ko nasa iyayen su ce ya zauna a gida don gudun abin magana. Boko ya tafi, wata sa'a har allo da islamiyya su bi baya, alhali mafi yawan yara masu farfaɗiya kaifin basirarsu daidai yake da na kowa.

Ga saurayi a ƙasar masara da auduga da waken soya, darajar namiji a gona take. Shi kuwa an hana shi hawa babur, an hana shi zuwa rafi shi kaɗai, ba a barinsa kusa da rijiya ko injin ban-ruwa ko bakin madatsar Mairuwa. Wasu daga cikin waɗannan hane-hane daidai ne, domin nutsewa a ruwa da ƙuna suna cikin abubuwan da ke halaka masu farfaɗiya. Matsalar ita ce ba a tsayawa a nan. Mai gona ba ya ɗaukarsa ƙwadago, ba a kiransa gayya, a gandun gidansu ma sai a ce ya zauna a inuwa ya tsare kaya. Tsararrakinsa na sayar da amfani a Dandume suna haɗa lefe, shi yana miƙa hannu a ba shi kuɗin sabulu. Mutumin da aka raba da aikin yi da hannunsa a garin da kowa ke aiki, ba a buƙatar wani dogon bincike kafin a san abin da zai faru da zuciyarsa. Huɗa, shuka, noma, girbi, tsinkar auduga, kiwo, duk zai iya, muddin yana shan magani kuma akwai wani kusa da shi.

Na mata ya fi tsanani. Sau da yawa iyaye kan ɓoye ciwon har a ɗaura aure, don sun san idan maganar ta fita manema za su janye. Amarya ta tare da sirri a ƙirji, gabanta na faɗuwa dare da rana. Don kada miji ko uwar miji ko kishiya su ga ƙwayoyi su yi tambaya, sai ta daina sha. Rana ɗaya tana gaban murhu ta zo mata. Ga ƙuna, ga tonon asiri, ga zargin an yaudari miji, ƙarshe takardar saki. Alhali fiye da kashi 90 cikin ɗari na mata masu farfaɗiya da suka ɗauki ciki suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, kuma mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa gadonta. Ita ma uwar da ke jinyar yaro mai farfaɗiya tana cikin lissafi: ba ta barci mai nauyi, ba ta zuwa biki ta daɗe, kuma ita ake fara zargi da sakaci ko da jawo wa yaron iska.

Masanin tarihi da al'adu Murray Last, wanda ya zauna shekaru a cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1960, ya yi wani sanannen rubutu a 1981 kan yadda mutanen yankin ke hulɗa da ciwo da magani. Abin da ya lura da shi shi ne, sau da yawa mutane ba su san ainihin abin da ke damunsu ko abin da aka ba su ba, kuma ba lallai ne su so su sani ba, sai dai a yi ta gwada wannan mai magani da wancan. Shekaru fiye da arba'in sun shuɗe, amma hanyar da mai farfaɗiya ke bi ba ta canza sosai ba: a fara da rubutu da tofi, a je ruƙiyya, a yi hayaƙi, a leƙa wurin boka ko 'yan bori, a sayar da akuya, a sayar da buhun masara, sai ƙarfi ya ƙare a tuna da asibiti. A kowane zango ana gaya masa wani sabon abu, yau shafar aljanu, gobe sammu, jibi jifa daga dangin uba. Wanda aka shekara biyar ana gaya masa akwai mai binsa da sharri a cikin danginsa, ko akwai wata halitta a jikinsa, ta yaya zai kwanta hankali kwance?

Addu'a ba ta hana shan magani, kuma malaman Musulunci na farko ba su ce kowace farfaɗiya ta aljanu ba ce. Ibnul Ƙayyim, a bayaninsa kan magungunan Annabi, ya kasa ta gida biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki ne, ita ce likitoci ke magana a kai. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas, na wata baƙar mace da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan cewa tana faɗuwa kuma jikinta na buɗewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka ko ta yi haƙuri ta samu Aljanna. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa yi mata. Masu wa'azi sun fi tsayawa kan haƙurin nata. Ya dace a tsaya kan roƙonta na biyu ma: faɗuwar ta iya jurewa, abin da ya fi ci mata rai shi ne idon mutane a kanta. Ba a kore ta ba, ba a guje ta ba, an saurari damuwarta an kuma ɗauke ta da muhimmanci. Ibnu Abbas da kansa yana nuna ta ga ɗalibinsa Aɗa'u a matsayin 'yar Aljanna.

Shi kansa maganin asibiti akwai abin lura a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan an gano cutar daidai kuma an ba su maganin da ya dace. Wanda ya fi araha shi ne fenobabiton, da aka fara amfani da shi tun 1912. Yana aiki, ya ceci rayuka masu yawa, amma yana cikin magungunan da kan saukar wa wasu da kasala da baƙin ciki. A wani ƙaramin bincike a Amurka a 1987, kashi 40 cikin ɗari na yaran da ke shansa an same su da ciwon damuwa, a kan kashi 4 na masu shan kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol. Wani sabon magani da ake sayarwa da sunan Keppra yakan sa wasu saurin fushi da ƙunci. Shi kuwa Epilim yana daidaita yanayin zuciya, sai dai yana da haɗari ƙwarai ga ɗan tayi, don haka mace mai shekarun haihuwa ba ta fara shi sai da cikakkiyar shawarar likita. Duk wanda ya ga halin ɗansa ko matarsa ya sauya bayan an fara wani magani, ya koma ya faɗa, akwai canji. Abin da ba a yi ko kusa shi ne tsayar da magani kwatsam, domin hakan na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Haka da azumi: a nemi likita ya daidaita lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki, idan kuma bai yiwu ba, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Akwai tsohon tsoro, har a tsakanin ma'aikatan lafiya, cewa maganin ciwon damuwa na tayar da farfaɗiya. Wasu tsofaffin magunguna kan yi haka idan an sha da yawa, amma na zamani irin su satiralin ana ba masu farfaɗiya su lafiya lau a ƙarƙashin kulawar likita. Ƙwayar da ke tayar da jijjiga da gaske, wadda kuma ta cika ƙauyuka, ita ce tiramol, da 'yan ƙwadago ke sha don su yi noman yini ba gajiya. Binciken ƙasa kan shaye-shaye na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Tiramol na iya kayar da wanda bai taɓa farfaɗiya ba, balle mai ita. Saurayin da ya nemi mafaka a wurinta don ya manta da damuwarsa ya ƙara wa kansa ciwo biyu.

A kan duk wannan sai ga rashin tsaro. Tun kafin sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 a Disambar 2020, har zuwa harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi a Agustan 2025, mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun san kwanan zaune da kwanan daji. Ga mai farfaɗiya, daren da aka kwana ana sauraron ƙarar babura dare ne na rashin barci da tsoro, abubuwa biyun da likita ya ce ya guje musu. Idan an yi gudun hijira, ƙwayoyin na can a ɗakin da aka baro. Idan hanya ta yi zafi, ranar ganin likita ta wuce. Kuɗin mota da na magani kuma sun yi tashin da kowa ya sani tun bayan cire tallafin mai a 2023.

Dole a taɓo maganar da ba a son taɓowa. Wani babban bincike a ƙasar Denmak da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa haɗarin kashe kai a tsakanin masu farfaɗiya ya ninka na sauran mutane sau uku, kuma ya fi tsanani a watannin farko bayan an gano cutar da kuma ga masu ciwon damuwa. A nan, mai irin wannan tunani yana tsoron Allah, yana tsoron bakin mutane, ga kuma sashe na 231 na dokar Final Kod da ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi, don haka sai ya yi shiru. Idan mai farfaɗiya ya fara cewa shi nauyi ne a gida, ko gara ma ya huta, ko ya shiga neman gafarar mutane ba dalili, wannan ba lokacin faɗa ko gorin rashin tawakkali ba ne. A zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye cikin taushi, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magungunan feshi da na ƙwari da ke kowane gidan manomi, wani babba ya riƙe masa ƙwayoyinsa, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce ke ba shi damar sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi.

Ina za a je? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da na tunani suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtua zuwa Zariya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Amma likitocin tunani a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Ba za su taɓa isa ƙauyukan Musawa da Matazu ba. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane farfaɗiya da ciwon damuwa su kuma yi maganinsu. An ma gwada irin wannan kusa da gida: aikin BRIDGE, na haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da asibitocin Kano da Zariya da Kaduna, ya horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su duba yara masu farfaɗiya da tambayoyin da aka tsara da Hausa. A Zimbabwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa su taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya tabbatar da cewa abin na aiki. Ƙasar da ke da ungozomomi da malaman islamiyya da gwaggwanni masu jin magana ba ta rasa irin waɗannan mata ba.

Gano ciwon ba ya buƙatar na'ura. Akwai takardar tambayoyi shida kacal da aka tsara a 2006 musamman don masu farfaɗiya, wadda ba ta wuce 'yan mintoci. Ko babu ita, ma'aikacin da ya gama tambayar sau nawa aka faɗi a wannan wata zai iya ƙarawa: "Malam, yaya barci? Har yanzu kana fita majalisa?" Ko ya dubi uwar yaro ya ce, "Inna, ke fa, yaya ƙarfin zuciya?" Mutanen karkara ba kasafai suke cewa suna da damuwa ba. Za su ce kai na sarawa, ƙirji na zafi, gaba na faɗuwa, jiki ba ƙarfi, abinci ba ɗanɗano. Idan irin wannan ya wuce mako biyu, tare da fita sha'awar abubuwan da mutum ya saba so, ba maganin zazzaɓi ko na olsa yake buƙata ba.

Ita ma kulawar da ake yi wa mutum a lokacin da ya faɗi tana rage masa fargabar gaba. A kawar da wuta da ƙarfe daga kusa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko ruwa ko jiƙo a baki, kada a yi masa hayaƙi. Idan jijjigar ta tsaya a juya shi ya kwanta ta gefe, a rufe masa jiki, a kori 'yan kallo, mutum ɗaya ya zauna har ya dawo hayyacinsa. Idan ta wuce minti biyar, ko mai ciki ce, sai asibiti.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya da suka amince a 2022 da shirin shekara goma kan farfaɗiya. Abin da ya rage shi ne a ga tasirinsu a Funtua da Malumfashi. Kira ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ma'aikatar lafiya ta jiha shi ne su ware ranar duba masu farfaɗiya a manyan asibitocin garuruwan biyu, su tabbatar hukumar inshorar lafiya ta jiha ta ɗauki nauyin maganin farfaɗiya da na damuwa ba yankewa, su kuma sa wannan horo a karatun ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Kankiya da ta ungozoma ta Malumfashi. Limamai su faɗa a huɗuba cewa cutar ba ta yaɗuwa. Shugabannin makarantu su daina mayar da yara gida. Duk gidan da ke da mai farfaɗiya kuma, a mayar da kwanonsa cikin na kowa, a ba shi aikin da zai iya, idan za a koma asibiti a gaya wa likita halin da zuciyarsa ke ciki, ba yawan faɗuwarsa kaɗai ba.